Riguna Uku Na Baba Cigiya

Shekara ashirin da biyu Baba Cigiya ya yi yana karanta sanarwa a gidan rediyonmu, babu wanda ya taɓa damuwa da abin da yake sawa. Ni ne nake zama a bayan gilashi, gaban na'ura, ina ɗaga masa hannu in lokaci ya yi. Shi ya sa yake ce mini Injiniya, ko da yake karatuna bai kai can ba. Shirinsa na ƙarfe goma na safe ne. Yakan fara da sanarwar rasuwa, sai ta taro, sannan a buɗe layi masu cigiya su kira: wanda akuyarsa ta ɓata, wanda ya manta jaka a mota, wadda ta tsinci makullai a bakin famfo. A nan ya samo sunansa.

Rigunansa uku ne. Biyu ruwan toka, ɗaya kuma a da fara ce. Duk ɗinki ɗaya, dogon hannu, da aljihu a ƙirji don biro. Da kansa yake wanke su, da kansa yake goge su, kuma ban taɓa ganin maɓalli ɗaya ya ɓalle ba.

Sai aka kawo mana sabuwar manaja, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. A satinta na farko ta sa aka kafa kamara a ɗakin shiri, domin mutane su riƙa kallonmu a waya. Aka shimfiɗa koren ƙyalle a bango bayan kujerar mai magana. Aikin na'urar shi ne ta share duk abin da yake kore, ta maye gurbinsa da hoto. Shi Baba, manaja ta zaɓar masa hoton sararin sama da fararen gizagizai. Ta ce yana kwantar da hankali.

Bayan sati biyu ta kira mu ofis, ni da shi. Ta juyo masa da wayarta, ta nuna masa abin da masu kallo suke rubutawa. Wani ya tambaya ko shirin jiya ne aka maimaita. Wata ta ce ko rigar tare da kujerar aka saye su.

Baba ya gyara tabarau, ya karanta duka a hankali, kamar sanarwa ce aka ba shi.

"Ranki ya daɗe, rigar ta yage ne?"

"Ba ta yage ba, Baba."

"Ta yi datti?"

"A'a."

"To."

"Baba, ido ne. Ido yana gajiya da abu ɗaya."

"Su rufe shi su saurara. Da ma haka ake yi."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Amma maganar ta tsaya masa. Ni nake sauke shi gida a babur, don layinsa yana gaba da nawa kaɗan. Ranar ma na ɗauke shi. Sai da muka isa ƙofar gida ya sauka, ya tsaya yana kakkaɓe wando.

"Injiniya, wayar nan taka tana nuna yadda ake sabunta tsohuwar riga?"

Na ce tana nunawa, amma kasuwa ma tana nan, ba ta tashi ba.

"Mutum yana da riguna uku lafiyayyu, ya tafi neman ta huɗu? A ina zan rataye ta?"

Wadrob ɗin gidan na san ta, ni na taya shi ɗaure mata ƙofa bara. Ɓangaren matarsa a cike yake har ba ya rufuwa sai an danna da gwiwa. Ɓangarensa kuwa yaro zai iya kwana a ciki. Na tura masa bidiyo uku.

Matarsa tsohuwar malamar firamare ce, shi da mu duk Malama muke ce mata. Lokacin ba ta gari. 'Yarsu ta haihu, ta tafi can wajenta, an shiga sati na huɗu. Da tana nan, da labarin nan a ofishin manaja ya ƙare.

Ranar Asabar ya fara da rini. Ya sayo ƙullin garin rini shuɗi domin tsohuwar farar rigar. Mai shagon ya yi masa gyara da ɗan ƙulli ruwan ɗorawa da ya daɗe ba a saya ba. Baba mutum ne da ba ya zubar da abu. Ya ɗora babbar tukunyar Malama, ya juye shuɗin, ya dubi ɗan ƙullin na gyara, ya ga ba shi da inda zai ajiye shi, sai ya juye shi ma. Ya fara juyawa da ludayi, ludayin ya gaza, ya bari ruwan ya huce ya sa hannu.

Ranar Litinin na ga rigar tun a ƙofar gidansa. Koriya ce shar, kamar sabon ganye. Na ce ta yi kyau, don kuwa ta yi. Na ga hannuwansa ma sun rine har wuyan hannu, ya ce mai shagon ya ce zai fita. Wallahi ban haɗa wannan da ƙyallen bango ba sai da na kunna kamara, lokacin saura daƙiƙa goma mu hau iska.

A fuskar na'ura na ga sama, na ga gizagizai, na ga kan Baba Cigiya da hularsa da tabarau. Ƙasa kaɗan, takarda tana tsaye ita kaɗai. Babu wuya, babu kafaɗa, babu hannu.

Mutumin da ya haɗa mana na'urar ya tafi da iliminsa, bai nuna mini inda ake kashe hoton ba. Na ɗaga hannu biyu ina kaɗawa. Baba ya zaci gaisuwa ce, ya gyaɗa mini kai. Kan ya gyaɗa a cikin gizagizai. Sannan ya fara, da muryar nan tasa mai nauyi, ya karanta rasuwa shida ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowa addu'a. Duk lokacin da ya gama shafi, takardar sai ta juya kanta.

Da aka buɗe layi, mai kira na farko ya ce shi ba abin da ya ɓata masa, yana dai tambayar ina sauran Baba.

"Ina nan gaba ɗayana," in ji Baba. "Mai kira na gaba."

Na gaban ma tambayar ke nan. Ta uku wata dattijuwa ce, ta ce ta kashe wayar ta kunna sau biyu, ta goge fuskar da gefen zani, ko matsalar daga wajenta ce.

Bayan shiri wani ya kira manaja. Ya ce wansa yana cikin mutum shidan da aka sanar, iyali sun gode, amma sanarwa kawai suka nema.

Manaja ta ce ranar mun sami masu kallo fiye da na wata guda a haɗe, ta kuma ce kada ta sake ganin koren abu a ɗakin nan, ko da biro ne. Baba ya ce in nuna masa. Ya kalli hoton daga farko har ƙarshe, bai yi ko murmushi ba.

"Hulata a karkace take, Injiniya. Ba ka faɗa mini ba."

Kwana tara rinin ya yi a hannunsa. Muka jingina masa takarda da akwatin alli, yana karatu hannuwa a ƙarƙashin tebur kamar ɗalibi mai ladabi.

Na zaci ya haƙura. Asabar ta zagayo, ya kira ni ya ce in zo in riƙe masa abu. Na tarar ya yaye mayafin keken ɗinkin Malama, ya jingina wayarsa da gwangwanin maɓallai, wata mata a ciki tana bayanin yadda ake canza wa riga kwala da aljihu da bakin hannu, ta koma sabuwa. Ɗaya daga cikin rigunan tokar tana kan tebur, ya riga ya farke mata kwala.

A kan gado kuma ya shimfiɗa wani yadi ruwan ƙasa mai ƙananan tsuntsaye farare. Ko ni da ban san yadi ba, da na taɓa na san ba na yau ba ne.

"Wannan fa?"

"A durowar ƙasa yake, ƙarƙashin zannuwan gado. Tun da na san durowar nake ganinsa. Ba ta amfani da shi."

"Ka tambaye ta?"

"Kamar tafin hannu kawai zan yanka."

Na riƙe masa gefe. Matar cikin waya ta ce a duba zanen yadi ya faɗo a tsakiyar kwala, don haka Baba bai yanka daga gefe ba, daga tsakiya ya fara. Kwalar farko ta yi gajarta. Ta biyu ya manta bai bar wurin ɗinki ba. Ta uku almakashin ya zame, kuma gaskiya ni ne na yi atishawa. Ta huɗu ta yi. Sai aljihu, sai bakin hannu biyu, kowanne da nasa gwajin. Kafin la'asar yadin yana da tagogi goma sha ɗaya. Allura biyu suka karye, keken ya haɗiye zare sau ba adadi, Baba yana taka shi yana ce masa, "A hankali, a hankali," kamar yana lallashin jaki.

Rigar da ta fito, kunnen kwala ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aljihun kuma ya karkata, in ya sunkuya biro ya faɗo. Amma a kamara ta yi kyau ƙwarai. Ya ninke sauran yadin yadda tagogin suka shige ciki, ya mayar da shi leda, ya mayar durowa.

Ranar Laraba ya sa ta. Masu kallo suka yi ta yabo, har manaja ta leƙo ta gilashi ta ɗaga masa babban yatsa. Aka gama rasuwa, aka gama taro, aka buɗe layi. Ni nake fara ɗaukar kira kafin in tura ciki. Kira na biyu na ɗauka, na ji muryar da na sani.

"Injiniya, sa ni."

"Malama! Ina kwana? Ya jinjira?"

"Lafiya. Sa ni."

Shekara talatin ta yi tana cewa yara su zauna suna zama. Na sa ta.

"Salamu alaikum, mai gabatarwa."

A aikinmu shirun daƙiƙa biyu laifi ne. Baba bai taɓa yi ba. Ranar na ƙirga biyar.

"Wa alaikumus salam. Me ya ɓata?"

"Yadi."

"Wane iri?"

"Ruwan ƙasa, da ƙananan tsuntsaye farare."

Ya zaro biro daga aljihun, ya rubuta, kamar yadda yake yi wa kowa.

"A ina aka yi masa ganin ƙarshe?"

"Durowar ƙasa, ƙarƙashin zannuwan gado, cikin leda biyu."

"Akwai wata alama?"

"Akwai. Yayata ce ta ba ni shi a asibiti, kwana uku kafin ta rasu."

Biron ya tsaya.

"To," in ji shi. "Jama'a, duk wanda ya tsinta..."

"Kar ka wahalar da jama'a, na ga inda yake. Tsuntsayen ma a kife suke. Jibi ina hanya."

Ta ajiye waya.

"Allah ya sa a dace," in ji Baba. Abin da yake ce wa kowane mai cigiya ke nan. "Mai kira na gaba."

Ya kai shirin ƙarshe, bai yi tuntuɓen harshe ko ɗaya ba. Da na kashe jar fitila bai tashi ba. Na shiga na same shi yana kallon takardar da ya rubuta.

"Ka san da maganar yayar nan?" ya tambaye ni.

"Ni ina zan sani, Baba?"

"Ni ya kamata in sani. Ni na kai ta asibitin ranar. Na jira a waje. Da ta fito na ga leda a hannunta." Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa. "Ban tambaya ba."

Washegari da aka tashi aiki muka shiga kasuwa da ƙyalle a hannu. Layin masu yadi muka bi shago-shago. Kowa sai ya murza, ya shinshina, ya ce an daina yin irinsa tun kafin ya buɗe shago. Wani tsoho ya ce ya taɓa sayar da shi yana yaro a shagon ubansa. Wani ya ɗauko mana mai kifaye, ya ce daga nesa ba za a gane ba. Biyu daga cikinsu sun gane Baba, ɗaya har ya ce masa a gaishe da Malama.

Da muka koma gida ya zauna da reza, ya farke duk abin da ya ɗinka. Ya shimfiɗa yadin a gado, yana ɗaukar kowane guntu yana neman tagarsa. Babu wanda ya cike gurbinsa, don duk ya datse gefunansu. Ya dai jera su haka nan, kowanne a tsakiyar raminsa.

Ranar Juma'a da yamma ni na ɗauko ta daga tasha, don ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi ba. A hanya ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya-ɗaya da ajin kowa. Ba ta ambaci yadi ba.

Kicin ta fara shiga. Ta ɗaga murfin babbar tukunya, ta leƙa, ta mayar. Ta ɗaga ludayin, ta duba, ta ajiye. Sannan ta wuce ɗaki, ina biye da jaka.

Baba yana tsaye a gefen gado cikin rigar toka ɗaya da ta rage lafiya, hannuwa a baya.

"Malama," ya ce, "na yi ɓarna."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Ba ta rediyo ba ce, ƙarama ce.

Ta zauna a bakin gadon ba ta ko cire mayafi ba. Ta bi tagogin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Na ga ta goge ido sau ɗaya da bayan hannu.

"Shekara goma sha tara," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ta ce in ɗinka in sa. Duk lokacin da na ɗauko, sai in ga ranar ba ta kai ba, in mayar. Auren yaran nan duka ya wuce, ban ga ranar da ta kai ba."

Ta ɗauki guntun kwalar, ta juya shi gaba da baya, ta kai shi kusa da ido.

"Wa ya koya maka sa kwala ba ka juya ta ciki ba?"

"Waya."

"Ɗauko kujera."

Na ajiye jaka a hankali, na fara ja da baya.

"Kai ma zauna. Kai ka riƙe masa."

"Ni, Malama?"

"Mutum ɗaya ba ya iya karkata yanka haka. Sai an taimaka masa."

Na zauna. Har aka kira magariba tana koya mana kwala, yadda ake koya wa 'yan aji biyu haɗa baƙi. Ta sa Baba ya farke sau uku. In ya yi daidai ba ta cewa komai, in ya kuskure ta ƙwanƙwasa tebur da almakashi. Ni aikina riƙe gefe da zura zare a allura, don duk cikinmu ni kaɗai nake ganin ramin.

Cikin sati guda yadin ya ƙare. Rigar Baba ta sami kwala da aljihu, tsuntsaye suna kallon sama. Jinjira ta sami 'yar riga daga gefen da almakashinmu bai kai ba. Sauran Malama ta yi wa kanta riga da shi, amma saboda tagogin sai da ta nemi wani yadi na cikewa. Ta buɗe ɓangaren Baba na wadrob, ta ciro rigar tokar nan mai lafiya, ta sa mata almakashi. Yana zaune yana kallo.

"Kamar tafin hannu kawai zan yanka," ta ce masa. Ashe ya ba ta labarin duka, har da wannan.

Koriyar kuma ta mayar da ita cikin tukunyar, wadda da ma ta tashi daga ta girki, ta fito da ita baƙa. Haka Baba Cigiya, wanda ya fara gyaran kaya da riguna uku, ya gama da biyu. Manaja ta ce an samu ci gaba.

Malama ta sa rigarta wata Talata da ba a komai, ta je kasuwa sayen albasa ta dawo.

Keken kuwa bai koma ƙarƙashin mayafi ba. Duk Asabar Baba yana kansa, ya fara da matasan kai, ya koma labulen kicin, Malama tana duba aiki tana ba da maki. Da damina ta wuce, gidan rediyo ya raba wa ma'aikata riguna masu tambari, duk girma ɗaya, wato girman mai gadi. Ranar Litinin kowa ya zo yana iyo a cikin tasa, sai Baba kaɗai tasa ta zauna. Kafin a tashi aiki riguna tara suna kan teburinsa, har da ta manaja.

Tawa ce ta ƙarshe da ya kawo. Na sa a gabansa, na miƙe hannuwa. Na dama daidai, na hagu ya tsaya sama da agogo.

"Baba, hannun hagu ya gaza."

Ya ja baya taku biyu, ya duba ta saman tabarau.

"Rigar daidai take. Hannunka ne ya fi ɗan'uwansa."

Da na koma gida na sa matata ta auna ni da igiya, sau biyu. Ta ce kar in gaya wa kowa.